Wandon da Na Kai Marina

Ni masinja ne a lokacin, a wata hukumar haƙa rijiyoyin burtsatse da ke wajen Sama Road. Sunana Tambari. Shekarata goma sha tara a aikin gwamnati, tun zamanin En'e, ina kai takarda daga tebur zuwa tebur, ina dafa shayi, ina kiran sunan mai shiga. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba. Amma ba wanda ya taɓa ganina da kaki marar sitaci.

A shekarar da soja suka sake yanka jihohi aka kawo mana wani Manjo ya zama shugaba. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, motoci sun cika gari, kuma korar ma'aikata ta zama abin yau da kullum. Mutum yana shan kunu da safe sai ya ji a rediyo an sallame shi. Manjo bai cika ɗaga murya ba, kuma abin da ya fi ba mu tsoro ke nan.

Abu biyu ba a wasa da su a gabansa. Na farko doka ce da ya tara mu ya karanta da bakinsa: ba ya son mutum biyu 'yan gida ɗaya a hukumar, kuma duk ma'aikacin da ya ɓoye dangantaka, shi da ɗan'uwan nasa duka waje. Na biyu kujerun ofishinsa. Guda shida ne, daga ƙasar waje aka kawo su, farare sol, yadinsu mai laushi kamar gashin ɗan rago. Garba mai shara ya taɓa ɗaya da yatsa bayan ya ci goro. Kafin azahar ya ajiye tsintsiyar gwamnati ya tafi gida.

Ina da ɗan fari. Da aka yaye shi aka miƙa shi ga wana Sodangi a Mabera, kamar yadda ake yi, can ya tashi, da sunan wana aka sa shi makaranta. Sunan da ke takardunsa Na'Allah Sodangi. Na rubuta shi nan sau ɗaya don a sani, amma bakina bai taɓa faɗinsa ba, haka uwarsa Delu. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Mu a gida na Mabera muke cewa.

Ya yi karatun injuna a Kaduna, ya yi shekara biyu yana koyon aiki a hannun wasu Turawa masu gina madatsar ruwa. Da hukumarmu ta yi shelar tana neman mai kula da babban injin haƙa, ya rubuto takarda da kansa. Ban roƙi kowa ba, ban kai goro ga kowa ba. Sai ganin fayil ɗinsa na yi a cikin guda takwas da aka ware. Na ɗauka na kai teburin Malam Audi akawu ban ce uffan ba. Na lissafa abin a raina: sunanmu ba ɗaya ba, unguwarmu ba ɗaya ba, shi fari ne kamar uwarsa, ni baƙi. In ya samu aikin, daji za a tura shi da injin, ni ina ofis. Wa zai sani?

Ranar Alhamis za a yi ganawar. Ranar Litinin da la'asar ya zo gidana a Runjin Sambo da kaya a jaka, don ya san ba mai guga irina. Ya shimfiɗa su a kan tabarma. Farar shat, kwat ruwan ƙasa mai kyau, naktaye ja mai ɗige-ɗige. Waɗannan ban ga laifinsu ba. Sai ya fito da wandon.

Shuɗi ne, ko in ce dā shuɗi ne. Yadin kauri kamar tamfol, da ƙusoshin tagulla a bakin aljihu. Gwiwoyin sun yi fari, mazaunin ya yi fari, bakin ƙafar ya fara sakin zare.

Na ce, "Wanga fa?"

Ya ce, "Jins ne, Baba. Shi zan sa."

"Da kwat ɗin?"

"Da kwat ɗin da naktayen. Haka injiniyoyi ke yi. Sama na ofis, ƙasa na bakin inji. In sun gan ni haka sun san na san aikin."

"In sun gan ka haka sun san gidanku ba a da wando."

Ya yi 'yar dariya yana kallon ƙasa. Ya ce wani Bature ne ya sayar masa, kuma da ƙyar ya yarda ya rabu da shi. Na ce lalle Baturen ya ci riba. Ya ce kwat da shat kawai zan goge, wandon ba ya son guga. Na ce ya bar su duka, ya zo da safiyar Alhamis ya sa. Ya tafi.

Na daɗe ina juya wandon nan. Ni na san wanda zai zauna a bayan tebur ranar Alhamis. Na san yadda yake duban takalmin mutum kafin ya dubi fuskarsa. Yaro ya yi shekaru yana karatu, sannan ya shiga gaban soja da tsumma? Ai ba a gidana ba. Kuma abin ba wuya gare shi. Tufa in ta koɗe, kowa a garin nan ya san inda ake kai ta.

Delu ta gan ni ina naɗe shi. Ta ce, "Malam, ya ce a bar mai abinai yadda shike."

Na ce, "Shi yaro na, bai san kunya ba. Ni na sani."

Da safiyar Talata kafin in wuce ofis na biya ta marina wajen Dodo. Tare muka tashi da shi. Hannunsa har gwiwa baƙi ne tun muna samari, ko ranar Salla bai fita. Ya karɓi wandon ya ɗaga shi sama, ya ja ƙafa ɗaya, ya ƙwanƙwasa ƙusar da farce.

Ya ce, "Tambari, ka koma sa buhun gyaɗa? Gwamnati ta daina ba ku kaki?"

"Ba nau ba na. Rina shi nika so. Shi yi baƙi, shi yi ƙyalli, kamar sabo. Gobe da marece in amsa."

Ya tsoma bakin ƙafar a karofi, ramin rini, ya fitar, ya matse ya duba. Ya girgiza kai.

"Wanga yadi ba ya shan baba kamar saƙinmu. Zarenai a matse shike. Kwana biyu ba su isa. In kana son ƙyalli sai an shafa mai shuni bisa a buge shi, irin na rawani."

"To a buge."

"Shuni na kama jiki, ka sani."

"Na sani. Ubana da rawanin shuni anka san shi."

"Rawani ga kai shike, Tambari. Wanga zama a kai za a yi."

Na ce masa ni ba shawara na zo nema ba, rini na kawo. Ya ce to, ya jefa wandon a kan tulin kaya. Maganarsa ta shiga kunnena ta fita. Abin da nake gani kawai fararen gwiwoyin nan a gaban Manjo.

Ranar Laraba da yamma na karɓo. Gaskiya Dodo ya yi aiki. Wandon ya yi baƙi mai shuɗi-shuɗi, yana ƙyalli kamar bayan ƙwaro, masu bugu sun kwantar da shi ya yi santsi. Na rataye shi tare da kwat da naktaye na ja baya na duba. Na ce yanzu ne ya zama kayan mutum.

Da safiyar Alhamis na Mabera ya zo da wuri, da doguwar rigarsa ta gida. Ya gaishe ni, ya gaida Delu daga bakin ƙofa, ya shiga ɗakin da na rataye kayan. Shiru. Na gama ɗaure takalmina har yanzu shiru. Sai ya fito da wandon a hannu, ya riƙe shi nesa da jikinsa.

"Baba, wa ya taɓa shi?"

"Ni na kai shi ga Dodo."

"Marina?"

"Awo."

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Da wani ne ba ni ba, da ya ji magana. Ya ce a hankali, "Koɗewar nan ita ce adonsa. Shekara uku Baturen nan yana sa shi kafin ya yi haka."

Na ce, "To ni kwana biyu na gyara abin da ya ɓata cikin shekara uku. Sa ka tahi, ƙarfe tara za a fara. Wanda ya makara ba ya shiga."

Ba shi da wani wandon da zai shiga da kwat. Nawa ba su kai masa idon sawu. Kantuna ba su buɗe ba. Ya koma ciki ya sa. Da ya fito, kwat ruwan ƙasa, naktaye ja, wando na sheƙi, har Delu da ba ta duban fuskarsa sai da ta saci kallo. Na ce masa a ofis bai san ni ba, ban san shi ba. Ya ce ya ji. Na hau keken ofis na yi gaba, shi ya biyo baya a tasi.

Bazara ce. Kafin ƙarfe tara rana ta riga ta fara dukan kwano. Ƙarfe tara da 'yan mintoci wuta ta ɗauke, na'urar sanyin ofishin Manjo ta yi tari ta mutu. Ya ce a buɗe tagogi a bar ƙofa a buɗe, ba za a ɗaga ganawa ba. Su uku ne a bayan tebur: shi a tsakiya, wani injiniya Ba'indiye a damansa, Malam Audi a hagu yana rubutu. A gaban tebur an ajiye farar kujera ɗaya. A bakin ƙofa kofur da bindiga, sai ni da takardar sunaye.

Masu neman aikin suna baranda a kan dogon benci mai farin fenti. Wasu da babbar riga, wasu da kwat da wando iri ɗaya. Na Mabera shi ne na biyar. Ban dube shi ba. Na kira na farko da sunansa da na ubansa, ya shiga, ya daɗe, ya fito yana share wuya. Na kira na biyu.

Ina dawowa da tiren shayi ne na ga abin. Na Mabera ya tashi tsaye don ya ba wani hanya, sai idona ya faɗa inda ya tashi. A kan farin fentin nan ga shaida biyu, shuɗaye, manya, kamar an buga hatimi. Ya koma ya zauna a kai bai lura ba. Yana ta goga tafin hannunsa a gwiwa, don haka yake yi in hankalinsa ya tashi, tun yana ƙarami. Zufa ta jiƙa wandon, shunin ya farka.

Na tsaya da tiren a hannu. Sai a lokacin maganar Dodo ta dawo mini, kalma kalma.

Na shiga na ajiye shayi. Na dubi farar kujerar. Na biyu yana zaune a bakin-bakinta kamar mai tsoron ta cije shi. Da ya fita na yi ƙarfin hali na ɗauko kujerar katako daga kusurwa, na fara jan farar gefe.

Manjo ya ce, "Masinja."

"Ranka shi daɗe."

"Me kake yi?"

"Na ga zafi ya yi yawa, mutane na zufa. Kada su ɓata ta."

Hausarsa ta gabas ce, a hankali yake fitar da ita. Ya ce, "Wanda zan ba injin da ya fi gidanku tsada, in bai iya zama a kujera ba ya ɓata ta, gara in sani yau. Mayar."

Na mayar.

Na uku ya shiga. Na ɗauki butar ruwa na bi ta baranda kamar mai ba baƙi ruwa. Da na zo kan na Mabera na sunkuya ina zubawa, ban dube shi ba, na ce ƙasa-ƙasa, "Duba hannunka."

Ya juya tafinsa. Shuɗi har tsakanin yatsu.

"Kujerar ciki fara ta. An kori mutum a kanta. Kada ka zauna. Ko mi za a yi, kada ka zauna."

"Baba..."

"Ban san ka ba."

Na wuce ga na kusa da shi.

Na uku bai daɗe ba. Na huɗu ma haka, Ba'indiyen ya yi masa tambaya biyu ya kasa. Na yi ta tunanin abin yi. In ce ya gudu? Ba a sake kiran wanda ya tafi. In ara masa wando? Wa zai tuɓe a barandar gwamnati, gaban kofur? Kafin in kai ƙarshen tunani na huɗu ya fito.

Na dubi takarda. Ga sunan nan. Tun safe nake shirya bakina a kansa, na ce sau ɗaya ne, aiki ne, ba komai. Na buɗe baki, harshena ya ƙi.

Na ce, "Na biyar!"

Malam Audi ya ɗago kai daga rubutu ya dube ni, ya mayar.

Na Mabera ya shigo da hannayensa a baya. Ya yi gaisuwa da Turanci. Manjo ya fara daga takalmi kamar yadda ya saba, ya hau wandon ya ɗan tsaya, ya wuce kwat, ya tsaya a naktaye. Ba'indiyen ya yi murmushi ya faɗi wata magana, na ji kalmar injiniya a ciki. Manjo ya nuna kujera da biro, ya ce da Turanci ya zauna. Wannan kam na san ta, kullum ina jin ta.

Bai zauna ba. Ya yi godiya, ya ce zai tsaya.

Manjo ya sake faɗa. Ya sake godiya.

Sai Manjo ya ajiye biro ya koma Hausa. "Ba ka jin Turanci ne? Na ce ka zauna."

"Ranka ya daɗe, ina ji. Na fi son in tsaya."

"Ka fi so."

"I, ranka ya daɗe."

"Kuma me kake ɓoyewa a baya?"

"Ba komai."

Kofur ya gyara tsayuwa, na ji ƙarfen bindigarsa ya taɓa bango. Zufa na bin bayan wuyan na Mabera tana shiga kwalar shat. Ni ina bayansa, ina ganin yatsunsa shuɗaye suna murɗa juna.

Manjo ya ce, "Na ga irinku. Kun je Kaduna kun sa wandon Amurka, kun dawo kun fi ƙarfin a ce ku yi. Yau ka ƙi zama, gobe in ce ka kai inji ƙauye ka ce ka fi son gari." Ya rufe fayil ɗin ya tura gefe. "Fita. Masinja, na shida."

Na Mabera bai ce komai ba. Da ya ce wandon ne ke zuba, za a tambaye shi wa ya rina shi, wa kuma ya gargaɗe shi kan kujerar tun yana waje, kuma kofur ya ga wanda ya sunkuya a kansa. Ya sunkuyar da kai ya fara juyawa. Ni yake rufa wa asiri, ni da na jawo masa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na ajiye takardar sunaye a ƙasa. Na ɓalle maɓallan kakina, na tuɓe rigar, na ninka ta biyu na shimfiɗa a kan farar kujera, na ja hannuwanta suka rufe gefe da gefe. Na tsaya daga ni sai singileti a ofishin Manjo.

Na ce, "Kai. Zauna."

Ya zauna.

Biron Malam Audi ya tsaya a sama. Kofur ya taka ƙafa ɗaya ciki, Manjo ya ɗaga masa yatsa ya koma.

Manjo ya jingina da baya. Ya ce, "Sau uku na ce ya zauna, da kakin soja a jikina. Masinja ya faɗa sau ɗaya, ba ko riga." Ya dube ni. "Yaya sunansa?"

"Shina cikin takarda, ranka shi daɗe."

"Na san yana cikin takarda. Kai nake tambaya. Mutum huɗu ka kira da sunansu har da na ubanninsu. Wannan ka ce na biyar. Faɗi sunansa."

Na san in na faɗa, wataƙila in iya cewa tausayi ne kawai ya kama ni, na ga wando na zuba. Suna ne, gaɓa uku. Na dubi ƙeyar yaron. Shekara ashirin da shida ban faɗa ba.

Na yi shiru.

Manjo ya ce, "Ɗan fari ne."

"Awo."

Malam Audi ya ce, "Inna lillahi," ya rufe bakinsa da hannu.

"Ka ji dokar da na karanta?"

"Na jiya. Ina tsaye nan inda nike."

"To?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ban kawo shi ba. Takardunai sunka kawo shi, a tambayi Malam Audi in na taɓa yi mai magana. Ɓoyewa kam na ɓoye. Wando kuwa ni na ɓata shi. Ya kawo shi koɗaɗɗe, ya ce haka a ka sa shi, ni na ga tsumma na, na kai marina anka buga mai shuni bai sani ba. Shina zuba. Ni na ce kada shi zauna, don na ga abin da anka yi wa Garba. Bai raina ka ba. Maganar ubanai ya bi."

Manjo ya ce, "Nuna hannunka."

Na Mabera ya buɗe tafukansa a kan gwiwa. Ba'indiyen ya leƙo, ya tambayi Malam Audi abin da ake ciki, aka fassara masa. Ya dafe kai ya ce wani abu yana nuna wandon, kamar an gaya masa mutuwa. Daga baya aka ce mini cewa ya yi, wa zai rina jins? Manjo bai yi dariya ba.

Ya jawo fayil ɗin ya sake buɗewa. Ya ce wa Ba'indiyen ya yi tambayoyinsa. Ni ba a ce in fita ba, ba a ce in tsaya ba, sai na tsaya.

Ban san tsawon lokacin ba. Turanci ne duka, ban tsinci komai ba sai sunayen ƙarafa. Muryar yaron ta fara da rawa, daga baya ta zauna. Ba'indiyen ya miƙo masa wani babban zanen inji ya ce ya nuna wani wuri. Ya nuna, yatsansa ya bar shuɗi a takardar. Ya nuna wani wurin, nan ma haka. Ba'indiyen ya daina duban shunin, ya koma gyaɗa kai. Ni kuwa idona na kan rigata. Ina ganin duhu yana yaɗuwa a kakin ta gefen cinyarsa, a hankali. Ninki biyu ne kawai tsakaninsa da farin yadin.

Da suka gama Ba'indiyen ya yi wa Manjo magana a kunne. Manjo ya rubuta wani abu. Sannan ya ce, "Tashi."

Ya tashi.

"Masinja, ɗaga rigarka. In na ga ɗigo ɗaya, ku biyu za ku fita tare, kuma kofur ne zai raka ku."

Na kama kafaɗun rigar. Ta yi nauyi da zufa, saman ya ɓaci gaba ɗaya. Na ɗaga ninkin farko, shunin ya ratsa zuwa na biyu. Na ɗaga na biyun.

Manjo ya taso da kansa ya zagayo. Ya sunkuya, ya shafa yadin da bayan hannu, ya duba hannun. Ya duba gefe, ya duba inda baya ke jingina. Fara sol. Sitacin da nake dama wa kakina da kauri, har Delu na cewa ina ɓarnar rogo, shi ya tare.

Ya koma ya zauna. Ya ce, "Injiniya ya ce a cikin biyar ɗin nan shi kaɗai ya san inji. Amma doka ba ni janye ta don kowa. Gida ɗaya, mutum ɗaya. Da na bi ta yadda na karanta, ku duka ne. Ku zaɓa."

Na Mabera ya ce, "Ranka ya daɗe, ni zan..."

Na ce, "Yi shiru, ba da kai a ka magana ba."

Na ciro makullin keken ofis da na ɗakin shayi daga aljihun wandona, na ajiye a teburin Malam Audi. Na ninke rigar na ɗora a kai, tunda ta gwamnati ce.

Manjo ya ce, "Ɗauki wannan, ba mai sa ta. Audi, rubuta masa ya ajiye aiki da kansa, kada a ce kora." Ya dubi yaron. "Litinin, ƙarfe bakwai. Ka zo da wandon da ba ya zuba." Ya ɗaga murya kaɗan. "Kofur, kira na shida."

Muka fito. Masu jira suka bi mu da ido, dattijo da singileti, saurayi da naktaye. Na tsaya na goge bencin da rigar har shaidar ta dushe, don kada a kama wani da laifinta.

A bakin titi rana ta daki kafaɗuna. Keke ya koma hannun gwamnati, sai ƙafa. Mun yi 'yar tafiya, sai ya tuɓe kwat ɗinsa ya miƙo mini ta gefe, bai dube ni ba.

Na ce, "Mi zan yi da shi?"

"Baba, mutane na kallo."

Na karɓa na sa. Ya matse ni a hammata, kuma inda ya riƙe ya bar yatsu huɗu shuɗaye a kafaɗa. Haka muka bi Sama Road, ni da kwat a kan wandon kaki, shi da shat da naktaye da wandon Dodo yana sheƙi.

Can ya ce, "Shekara goma sha tara."

Na ce, "Na gaji da dafa wa ƙatti shayi dama."

Muka ƙara tafiya. Wata tasi ta rage gudu, na ɗaga mata hannu ta wuce, don kujerunta masu haske ne.

Na ce, "In mun isa ka tuɓe shi ka ba uwarka ta jiƙa. Wanki bakwai ko takwas shunin na fita."

"Ba zai koma yadda yake ba."

"To mi? Ka sa shi shekara uku, shi koɗe. Ka samu inda za ka koɗar da shi yanzu."

Ya yi wani sauti, ban sani ba ko dariya ce. Da muka shiga Runjin Sambo Delu na tsaye a zaure. Ta dubi kwat ɗin da ke jikina, ta dubi rigar da ke hannuna, ta dubi hannuwan yaron. Ta juya ciki ta ɗauko babban baho.